Gurbin Gwiwa

Gwiwa,
Alhamis, kwana biyu da faɗin sakamako.

Zuwa ga taubashiyata Halima Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da abokiyar shagonki Priscilla. Yaya ƙafar Kawu? Inna ta ce a gaya wa ƙanen nan nata ya daina hawa keke, shi ba yaro ba ne. Mu nan lafiya lau, sai kunnen nan da kika sani. Na dama ya mutu murus, na hagu kuma sai an yi mini magana kamar ana faɗa da ni. Don haka ki daina wahalar da kanki da kiran waya. Malam ne ke ɗauka, ya faɗa mini rabin abin da kika ce, ya riƙe rabi. Ki riƙa rubutowa kina ba Ashiru direba, tunda kullum yana hanyar Kazaure.

To, Sa'a, mun ci.

Ni ban ji sanarwar ba, ganinta na yi. Ina tankaɗe a tsakar gida da safe, sai ga Malam ya shigo da rediyo a hannu, bakinsa har kunne. Kafin ya ƙaraso, matan maƙwabta sun cika gidan, kowace hannu a hanci tana rangaɗa guɗa. Na ajiye rariyar, na zauna a kan turmi na yi ta kuka, su kuma suna ta jan hannuna wai in tashi a yi rawa.

Kin san abin da na zuba a zaɓen nan. Wata huɗu ina bin gida-gida. Mata ɗari da arba'in da uku na raka suka karɓi katin zaɓe, wasu sai da na roƙi mazajensu har sau uku. Ranar zaɓe tun hantsi ina rumfa. Tsohuwa Uwa ta bayan kasuwa, wadda ba ta iya tafiya, a amalanken shanu na sa aka kawo ta. Na'ura ta ƙi gane yatsanta, aka ce sai dai a ɗauki fuskarta, ta ce a dakata ta gyara ɗankwali tukuna. Layi gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Ban bar wurin ba sai da aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe a gabana, ina bin bakin malamin zaɓe da ido.

Ga abin da ya sa nake ta murmushi ni kaɗai. Hajiya Tasalla, shugabar matan jam'iyya ta shiyyarmu, ta yi alkawari a gangamin ƙarshe cewa in aka ci, za a ɗauki mace guda daga kowace ƙaramar hukuma, wadda ta fi kowa aiki, a kai ta Abuja ranar rantsarwa. A Gwiwa wa za a ɗauka in ba ni ba? Ni da ban taɓa wuce Kano ba.

Ke fa? Ba ki taɓa faɗa mini wanda za ki dangwala wa ba, amma shirun naki ya ishe ni amsa. Ki faɗi gaskiya, in yi miki jaje.

Taki,
Batulu.

*

Kazaure,
Litinin.

Batulu baiwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Baba na samun sauƙi, ya ce a gaya wa Gwaggo keke ne ke riƙe da shi, ranar da ya daina hawa ranar zai kwanta. Yara na gaishe ki. Ki gaida Malam Lado, ki ce na ji labarin rabin maganata da yake cinyewa.

Ina taya ki murna, wallahi har zuciya. Na san wahalar da kika sha. Tunda ni 'yar namiji ce, ke 'yar mace, ai nasararki tawa ce, ba sai na nemi izini ba.

Tunda kin matsa, ga gaskiyar, amma ta tsaya tsakaninmu. Ba naku na zaɓa ba. Wanda ya zo na biyu na dangwala wa, kuma ranar da aka faɗi sakamako ko abinci ban iya ci ba. Priscilla ita ma nata daban, na ukun ta zaɓa. Da safen nan muka buɗe shago kowa fuska a murtuke. Can ta ɗago daga kan keken ɗinki ta dube ni ta ce, “Sa'adiyya, ashe mu biyun duk faɗuwa muka yi, kowa da ramin da ya faɗa.” Muka yi ta dariya har da hawaye. Ta aika aka sayo mana awara, muka ci, muka ci gaba da aiki.

Sai ga abin mamaki ranar Asabar. Hajiya Tasallar taki da kanta ta yi sallama a shagonmu, da turamen atamfa cike da bayan mota. Anko za a yi na zuwa Abuja, na mata sittin, ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai namu. Ba ta tambaye ni wa na zaɓa ba, ni ma ban yi mata tayin labarin ba. Aikin ya zo mana a kan gaɓa, don kin san yadda kasuwa ta kwanta tun kafin zaɓe.

Ta zauna a shagon tana rubuta sunayen masu tafiya. Da ta zo kan Gwiwa, na ce mata Gwiwa ai gidanmu ne, ta bar mini wannan gurbin. Ta dube ni ta ce to. Kar ki tambaye ni komai a kan wannan yanzu, za ki ga abin da idonki.

Azumi ya matso, ga ɗinkin Sallah ga anko. In kin ji ni shiru, aiki ne.

Uwargijiyarki,
Sa'adiyya.

*

Gwiwa,
Talata, uku ga azumi.

Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna shan ruwa lafiya. Mu ma lafiya. Inna na gaida Kawu.

Wasiƙarki na karanta ta sau huɗu. Na ba Malam ma ya karanta mini layin nan guda, ko idona ne ke yi mini gizo. Ya ce haka aka rubuta: ta bar miki gurbin Gwiwa. Ya ce wataƙila wasa ne irin namu na taubasai, in bar shi a haka. Na so in bar shi, sai jiya ya nuna mini hoto a wayarsa.

Walimar murna ce aka yi a Kazaure. Ni ko labari ba a aiko mini ba. Ga Hajiya Tasalla a tsakiya, ga ki a damanta, kafaɗa da kafaɗa, kin yafa gyale kalar jam'iyyarmu, da faranti a hannunki, kina dariya. Na sa yatsa biyu na buɗe hoton har fuskarki ta cika wayar. Na daɗe ina kallo. Sababbin 'yan kunne ne ma a kunnenki.

Ni kuwa har yau diddigena bai warke ba daga tsagewar da ya yi a yawon gidaje. Akwai gidan da aka saki mini kare. Akwai wadda ta ce mini kurma ma ta shiga siyasa, duniya ta zo ƙarshe, ta ɗauka ban gane ba, alhali na karanta a bakinta. Duk na shanye. Ke kina cikin shago a gaban fanka, kika tashi kika je kika jefa wa wani ƙuri'arki, kika yi kukan faɗuwarsa, amma yau ke ce a hoto.

Ba yau aka fara ba. Keken ɗinkin Kaka ni na fara takawa, ni na koya miki saka zare a allura. Da ta rasu aka ce ya faɗa rabon Kawu, aka ɗora shi a mota zuwa Kazaure, ina tsaye a ƙofar gida. Na haƙura a lokacin. Yanzu ma ba faɗa nake yi ba.

Tambaya guda nake yi miki, ki ba ni amsa da e ko a'a. Ke za ki je Abuja da sunan Gwiwa?

Batulu.

*

Gwiwa,
Talata, sati guda bayan Sallah.

Sa'adiyya,

Barka da Sallah. Muna lafiya.

Kwana talatin da biyar ke nan. Kullum Ashiru ya wuce sai na aika a tambaye shi, ya ce shi dai ya ba ki hannu da hannu, kin karanta a gabansa, kin yi dariya, kin sa a ƙarƙashin yadi. Dariyar ita ce amsar da na samu.

Ranar Sallah mata suka riƙa shigowa suna tambayata yaushe ne tafiya, wace jaka zan ɗauka. Tsohuwa Uwa ta aiko mini da ƙuli-ƙuli wai guzuri. Na karɓa na ajiye.

Jibi Hajiya za ta zo Roni taron godiya. Zan je. Ba zan zauna a ci da gumina ina kallo ba.

Batulu.

*

Kazaure,
Lahadi.

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Baba da yara lafiya. Ban gaya wa Baba komai ba, kuma ina roƙonki kar Gwaggo ta ji.

Jiya da hantsi Hajiya Tasalla ta shigo shago, mata uku na biye da ita, ga masu karɓar ɗinki sun kai biyar a zaune. Ta buɗe jaka ta fito da takarda. Tun daga nesa na gane rubutuna, wasiƙar da na aiko miki ce. Ta tsaya a tsakiyar shagon ta karanta da ƙarfi, daga inda na ce ban iya cin abinci ba har zuwa awarar da muka ci. Sannan ta sa aka kwashe atamfar gaba ɗaya, wanda aka gama da wanda aka yanka, ta ce za a kai wa wata 'yar'uwarta a Babura ta ƙarasa.

Na yi laifi da ban ba ki amsa ba. Wasiƙarki ta azumi na ɗauke ta wasa, na ce Batulu ta iya tsokana, bari in bar ta ta dahu, in je da kaina bayan Sallah in ga yadda fuskarki za ta yi. Ta biyun sai ranar Juma'a ta iso, kin riga kin je Roni.

Tunda abin ya kai haka, ga abin da ban so ki sani ba. Ranar da Hajiya ke rubuta sunaye, da ta zo kan Gwiwa cewa ta yi, “Waccan kurmar me za ta ji a Abuja?” Sunan matar ƙanenta za ta sa. Ta riga ta ce mini za a ba ni kujera a mota a matsayin tela, ko da wani kaya zai buƙaci gyara. Na ce mata na yafe kujerar, ta ba matar ƙanen nata, amma gurbin Gwiwa ta bar shi a hannuna, ni zan kawo mai shi. Da na rubuta miki dalla-dalla, dole in rubuta abin da ta kira ki. Shi ya sa na taƙaita. Walimar kuma awo na je ɗauka, ita ta yafa mini gyalen ta ce a ɗauke mu.

Ni abin da ya same ni da sauƙi. 'Yar gari ce ni, za a yi surutu kwana biyu a manta. Amma a takardar nan akwai sunan Priscilla, akwai wanda ta zaɓa. Shekararta goma sha ɗaya a garin nan tana kaffa-kaffa da bakinta, ba wanda ya taɓa jin ra'ayinta sai ni. Jiya tana zaune a kan kekenta aka karanta shi a gaban mutane, wata ta ce ai dama an san irinsu. Ba ta ɗago kai ba. Da suka fita ta ci gaba da taka keken, babu ko yadi a ƙarƙashin allurar. Mijinta Manasseh ya ce ta kwashe kayanta ta koma ɗinki a gida. Ba ta taɓa yi miki komai ba, Yaya. Ita ce ma ta yi aikin wuyan rigarki.

Ki kwantar da hankalinki, kin samu. Hajiya ta faɗa a gaban kowa cewa Batulu ce 'yar jam'iyya ta gaskiya, ita za ta je. Ankonki shi kaɗai ba su tafi da shi ba, don yana gida, tun tsakiyar azumi na gama shi. Ga shi nan a leda a hannun Ashiru. Ban auna ki ba, na san jikinki.

Sa'adiyya.

*

Gwiwa,
Asabar, kwana huɗu da dawowa.

Sa'a,

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu da yara. Ban san ko ina da bakin gaida Priscilla ba.

Na fara rubuta miki sau uku kafin tafiyar nan, ina yagawa. Malam ya ce in da shi ne, ba zai je ba. Na ce masa haka ne, amma na je. Ba zan yi miki ƙarya ba, so nake in je, ko bayan na karanta wasiƙarki. Na ce wa kaina in na zauna ma ba zai mayar da abin da ya faru ba.

Rigar ta zauna mini kamar a jikina aka yanka ta. Na sauran matan duk sun matse su a hammata, wata ma tata ta ɓarke tun kafin mu kai Zariya. A mota aka riƙa shafa wuyan tawa ana tambayata wa ya yi. Na yi kamar ban gane abin da suke cewa ba.

A Abuja, Hajiya da mutum huɗu ne ke da katin shiga. Mu aka tsayar da mu can bayan shinge, cikin rana, gaban wani babban allon majigi. Na ga mutumin da na yi wa wata huɗu ina yawo, ya ɗaga hannu, bakinsa na motsi. Na yi ƙoƙarin bin bakin, kan wani mai doguwar hula ya tare ni. Sai wata 'yar Roni ta taɓa ni ta yi mini alama da hannu cewa an gama. Da Hajiya ta fito tana ƙirga mu za a shiga mota, ta dube ni ta ce, “Ke ta Roni ce ko ta Babura?”

Ban yi nadamar ƙuri'ata ba. Ko gobe aka sake, shi zan zaɓa, kuma zan sake kai Uwa a amalanke. Amma zan faɗa miki abin da na gani. Cikin matan motar nan, aƙalla goma dangin Hajiya ne da na mijinta, biyu daga cikinsu da bakinsu suka ce ko katin zaɓe ba su da shi. Hajiya ba ta san wanda ya yi aiki ba, kuma ba ta damu ta sani ba. Na rubuta wannan da hannuna, na sa sunana a ƙasa. In kin ga dama ki kai mata.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. A hanyar dawowa, ina sanye da rigar da kika ɗinka, bayan duk abin da na yi miki, na kama kaina ina ƙyashinki. Ba hoton ba, ba 'yan kunnen ba. Safiyar nan da kuka faɗi, ke da Priscilla, kuka zauna kuna dariya kuna cin awara. Layin nan na fi maimaitawa a wasiƙarki, fiye da na gurbin. Ni da na ci, gida ya cika da mata, amma babu wadda zan zauna da ita haka. Ina jin tun ranar nake neman abin da zan yi miki.

Ina so in zo ranar Juma'a in durƙusa a gaban Priscilla, sannan ke. Ki ba ni izini.

Batulu.

*

Kazaure,
Laraba.

Yaya Batulu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba ya ga hotonku na Abuja a wayar maƙwabcinmu, ya yi ta nuna wa mutane yana cewa ga 'yar yayarsa. Na bar shi da murnarsa.

Priscilla ta kwashe kekenta tun sati biyu da suka wuce. Inda yake a da har yanzu akwai sawun ƙafafunsa a siminti, ban sa komai a wurin ba. Da la'asar nakan rufe shago in je gidanta da abin da ya fi ƙarfina, mu yi tare. Na karanta mata inda kika ce za ki zo ki durƙusa. Ta ce in gaya miki ta yafe, ba sai kin zo ba, amma ba za ta dawo shagon ba.

Wasiƙarki sau ɗaya na karanta, na sa ta a murhu. Ba don na fi ki hali ba. Na san kaina ne. Akwai ranakun da nake buɗe shago in ga wurin nan wayam, in da takardar na hannuna a irin wannan ranar, zan iya ɗaukarta in tafi gidan Hajiya.

Kar ki zo Juma'a. Priscilla ta yafe, ni ban kai nan ba tukuna. In na kai, zan rubuto miki da kaina. Kafin nan kar ki ba Ashiru komai.

Ki gaida Gwaggo da Malam Lado.

Halima Sa'adiyya.